Adda da Wuta

Ni ce Kokushubila, 'yar gaɓar tafki,
Gidana na kan tudu, bayan Bukoba.
Mu nan ba a cewa an ci abinci
In dai tukunya ba ta ga ayaba ba.

Kakan mijina ne ya dasa gonar nan,
Cibiyar 'ya'yana biyar tana cikinta,
Rwegasira ma nan muka kwantar da shi,
Ƙarƙashin ganyen da yakan sha iska,
Don ba ma kai namu nesa da ayaba.

Ganye guda ya fara yin ruwan ɗorawa,
Ya karye a tsakiya, ya rataye.
Na ce zafin rana ne, na datse shi,
Na goge adda a zane, na yi gaba.

Sati uku, nono ya nuna bai ƙosa ba.
Na ɓare ɗaya, ciki baƙi, ga tauri,
Akuya ta shinshina ta kau da kai.
Na zargi Kaijage mai iyaka da ni,
Shekara tara muna 'yar tsama kan kwata,
Na ce shi ya binne min abu da asuba.

Sai ga Mutalemwa, malamin gona,
Yaron da na goya ran da uwarsa ke jinya.
Ya jingine babur, ya karɓi addata,
Ya sari kututture, ya ce, "Mama, dakata."
Can sai ga wani ruwa mai yauƙi,
Kamar mugunya daga bakin maruru,
A hankali yana tsattsafowa, yana zuba.

Ya ce, "Ba sammu ba ne, ba Kaijage ba.
Ƙudan zuma kan kawo ta bakin fure,
Sauran aikin kuwa ƙarfe ke yi.
Wa ke miki datsa?" Na ce, "Ni kaɗai."
Ya dubi addar. Ni ma na duba.

Ashe hannun da ke lallashinsu kullum
Shi ke bi yana raba musu annoba.

Ya ce, "Wadda ta kamu, sare ta a tushe,
Dab da ƙasa, kar ki bar mata wuya.
Ja gawar gefe ta bushe a rana,
Kar ki daddatsa, kar ki ba dabba.
Tsakanin sara da sara, adda ta sha wuta.
Jan furen nan mai lilo ƙasan nono,
Karye shi da gwafa, ba da ƙarfe ba.
Awaki a turke. Kar ki karɓi tsiro
Daga gonar da ba ki sani ba."

Na hura wuta da busasshen ganye,
Goma sha bakwai na kayar ran Laraba.
Kowace ta faɗi da nishi kamar saniya,
Rana ta faɗo kan wake da gahawa,
Ta shiga lungun da ba ta taɓa shiga ba.

Ta ƙarshe ita ce ta kan Rwegasira.
Sau uku na zagaya ta ina neman uzuri,
Ganye biyu ne kacal suka yi yaushi.
Na ce, "Maigida, inuwarka zan ɗauke,
Ka yi haƙuri da rana zuwa baɗi."
Da ma shi bai iya musu ba.
Na gasa adda har bakinta ya yi ja.
Sara biyu. Ban tsaya kallo ba.

Da yamma na tsallake kwatar nan,
Na ce, "Kaijage, addar da ɗanka ya ara,
Me aka sara da ita?" Ya yi tsit.
Ya ɗauko gwafa, na ɗebo garwashi,
Muka shiga tasa gonar, ba mu gaisa ba.

Yau wata biyu. Gindin da na sare
Ya turo 'ya, tsawonta kamu ɗaya,
Ganyenta a naɗe kamar wasiƙa,
Ban san me aka rubuta a ciki ba.
Kullum da safe nakan durƙusa in duba,
Hannuwana a baya, ban taɓa ba.