Lamba a Bayan Takardar Gishiri

A Ticlio, inda hanyar Lima ke hawa har numfashi ya gajarce,
nan tukunyata take, shekara goma sha tara.
Romon kan rago nake sayarwa, da dankali, da shayi.
Direbobin manyan motoci su ne kasuwata,
ina gane kowa da kukan birkinsa tun bai sha kwana ba.

Daren Talata Eusebio ya tsaya.
Tirelarsa maƙare da duwatsun ma'adinai,
bayanta ya durƙusa kamar jakin da aka yi wa laftu.
Ƙaurin birki ya riga shi shiga rumfa.
Idonsa ja, irin garwashin gindin murhuna.
Ya ɗebo romo, cokali ya tsaya a hanya,
barci ya sace shi tsakanin kwano da baki.

Na ce, ga benci, ga bargo, kwanta.
Ya ce kwana biyu bai runtsa ba, na uku ba zai kashe shi ba.
Mai mota ya ce kaya su kai bakin teku kafin asuba
ko makulli ya koma hannun wani.
Ya zaro kwalba, ya kurɓa, wai maganin sanyi,
ya ajiye kuɗin da ya fi na romo, ya fita.

Mutumin nan shi ya kai ni asibiti
daren da Maritza ta ƙi jiran gari ya waye.
Kwanon rufin da ke kaina, shi ya ɗauko, bai karɓi sisi ba.

Amma na san gangaren.
Na ƙirga gicciyen da ke bakinsa, arba'in da ɗaya,
kowanne da suna da furen roba.
Na kuma san ƙarfe biyar motar mata 'yan kasuwa ke hawowa,
albasa a sama, jarirai a goye.
Da-na-sani ƙeya ce. Ni ina gabanta, ina kallo.

Biro ya ƙi rubutu saboda sanyi, na hura masa iska.
A bayan takardar gishiri na rubuta lambar motar.
Sau biyu na buga waya na kashe.
Na uku ɗan sandan shingen Casapalca ya ɗaga.
Wa ke magana?
Na ce, mai romo.
Na karanta lambar, muryata kamar ta wata.
Na faɗi sunan mai motar ma, har sau biyu,
ban ji alamar an rubuta ba.

Sun tsare shi. Sun karɓe lasisi.
Mai mota ya biya tara da safe,
ya miƙa makulli ga wani yaro da gemu bai gama fito masa ba.

Wata guda direbobi suna tsallaka titi zuwa rumfar Felicita.
Romo ya kwana, ya sake kwana, karnuka suka yi ƙiba.
Wani ya tofar da yawu a ƙofata, ya ce ga mai kai rahoto.

Matan kuwa sun iso ƙarfe biyar a ranar,
sun sha shayi, suna gardamar farashin albasa,
ba su san komai ba.
Hatsarin da bai auku ba ba shi da gicciye,
ba shi da shaida, ba mai zuwa godiya.
Wataƙila ma da ya isa lafiya.
Wannan tambayar ke kwana da ni.

Jiya ya wuce a kujerar yaron mota, cikin tirelar wani.
Bai dube ni ba.
Na ga dai ya taɓa kafaɗar direban,
motar ta rage gudu kafin kwana.
Na ƙara itace a wuta.
Kwanonsa, mai ɓallin baki, yana nan a kife.