Batir Ya Kumbura

A rumfar Kawu Sirajo, Ƙofar Ƙaura,
na koyi buɗe bayan waya da farce.
Wata fuskarta garau, ko tsaga babu,
ciki kuwa batir ya kumbura kamar fanke.

Haka nake tun bayan babbar sallah.
"Ina gajiya?" "Ba gajiya."
Dare ya raba, idona biyu,
ina ƙirga azara har ladan ya yi gyaran murya.
Goggo ta ce iska ce, ta kawo hayaƙi.

Jiya Kawu ya ajiye hantsaki,
ya turo min rabin shayinsa.
Bai yi wa'azi ba.
Ya ce, "Ina jin ka."
Na fara, murya na rawa.

Ban warke ba tukuna.
Amma daren nan
azara bakwai kawai na ƙirga.