Sunaye Huɗu a Ƙeya Ɗaya

Ranar Talata suka turo shi gaɓar Aliaga
da ɗan man da ya rage a tanki.
Ya hau tsakuwa da ƙirji, ya yi nishi ɗaya, ya yi shiru.
Nurettin, shugaban aikinmu, ya kurɓi shayi ya ce:
"Tan dubu biyar. A gama kafin sanyi."
Na ɗauki wutar yanka, na fara daga ƙeya,
inda ƙofar nan take,
wadda ta shekara arba'in da ɗaya tana wage baki,
ta haɗiye tireloli da magariba,
ta amayar da su da asuba a wata ƙasa.

Fenti ba ya ƙarya, rufa-rufa kawai ya iya.
Na sama baƙi ne, an shafa shi a gurguje:
MATI, haruffa huɗu,
sunan tafiyar ƙarshe,
sunan da ba wanda ya yanka wa rago.

Na kankare, sai ga shuɗi: Kyra Stamatia.
Zamanin tsibiran Girka ke nan.
Har yanzu lungunan bene na riƙe da shaida:
ƙwallon zaitun, siminti da ya daskare a buhunsa,
warin tumaki da ruwan gishiri ya kasa wankewa.
A ɗakin inji wani ya ja layi bakwai da ƙusa,
ya zana hoton kuɗi a gefe, ya soke shi.
Ban san harshensa ba,
amma na san watan da ba a biya albashi ba.

Ƙarƙashin shuɗi, kore: Carrick Lass.
A nan na tsinci littafin aiki bayan wata durowa,
ya kumbura da laima kamar burodi.
Na kai wa 'yata Sevgul, mai karatun Turanci,
ta karanta mini muna cin miyar wake:
"Sha huɗu ga Janairu. Tekun Ailan. Iska ta haukace.
Tirela uku sun tsinke sarƙa.
Madara ta malale har matakala.
Wani direba, Eamon Tierney, ya karye a hannu.
Mun makara awa shida."
Shafi na gaba: "Lafiya."
Na gaba: "Lafiya."
Ta yi ta buɗawa har miya ta huce.
Ta ce, "Baba, ba labari a ciki."
Na ce, ai shi ne aikin:
dare dubu huɗu, a je a dawo,
kada a bar wa kowa abin faɗa.

Can ƙasa fenti ya ƙare, ƙarfe ya fara.
RAGNA HOLM.
Wannan ba a shafa shi ba, walda aka yi,
harafi bayan harafi,
tun yana sabo yana fasa ƙanƙarar arewa
da dunƙulen takarda da katako a ciki.
Na bi ɗinkin da babban yatsa.
Wanda ya yi shi hannunsa bai yi rawa ba.
Wataƙila ya mutu. Wataƙila yana zaune bakin taga
yana zaton jirginsa na can yana tafiya.

Ƙararrawa ta tafi wani gidan cin kifi.
Gadajen direbobi, ɗan gwanjo ya kwashe.
Sauran za a narke, a ja shi rodi,
ya tsaya a tsaye cikin benayen Izmir,
shi da bai taɓa kwana biyu a wuri ɗaya ba.

Na yanke harafin farko, na ajiye gefe.
Nurettin ya gani, bai ce komai ba,
ya ɗora a sikeli: kilo goma sha ɗaya.
Ya cire a kuɗin makona.

Yana nan a barandarmu.
Matata ta ɗora masa tukunyar na'a-na'a.
Idan aka yi ruwa,
tsatsa na gangarowa, tana neman hanyar kwata.