Fegin da Na Fara Feƙewa

An kira ni in kwance rufin tsohuwar makaranta a Aboabo,
za a zuba kankare a ɗora bene.
Na hau da guduma da ƙarfen zare ƙusa,
na laluba tun daga gabas har yamma,
ban sami ƙusa ko ɗaya a ƙashin rufin ba.

Nan na gane hannun Agya Boakye.

Shekarata sha uku Baba ya kai ni Anloga,
ya ce, ga shi nan, ba ya jin karatu, ko zai ji katako.
Agya bai iya Hausa ba sai "kawo" da "bari",
ni ma Tiwi ɗina na sayen ƙosai ne.
Da kurfi muka yi magana.

Ya huda rami a cikin ginshiƙi,
ya sassaƙa wa azara harshe,
ya zura, ta shige kamar ruwan fartanya a ƙota.
Ya zare. Ya miƙo mini. Na ɓata odum uku
kafin ya daina kaɗa kai.

Ƙusa baƙuwa ce, haka ya nuna mini da hannu:
damina biyu ta Kumasi, sai ta yi kukan tsatsa
ta bar baƙin hawaye a jikin itace.
Amma fegi ɗan gida ne,
in ruwa ya zo tare suke kumbura,
in rana ta yi tare suke ramewa.

Ga inda azara ta gaza kaiwa bango.
Kuɗin doguwa bai samu ba a lokacin,
sai ya ɗauko gajeru biyu,
ya fafe kowacce a karkace, ya yi mata ƙugiya,
ya kwantar da wannan a kan waccan
kamar tafi biyu a wajen musabaha,
ya buga weji a tsakani.
Shekara arba'in yara na ihun baƙi da wasali a ƙasa,
ba su san gajeru biyu ne ke riƙe da samansu ba.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa,
waɗannan ba su saɓa ba.

A kusurwar kudu na same shi:
fegi mai doro, mummuna, kaurinsa bai daidaita ba.
Nawa ne. Na farko.
Na zaci ya jefar da shi a tulin dusar zarto ran nan.
Ashe ya ba shi aiki.

Gara ta ci wawa ta bar ɓawo,
kwano ya huje kamar rariya,
shi yana nan ƙam.

Ɗan kwangila yana ƙasa yana duba agogo.
Yarona Issaka ya ɗago zarton inji.
Na ce masa, bari.
Da muryar Agya ta fito.

Na juya guduma, na ƙwanƙwasa ta baya,
sau uku, a hankali, yadda ake ta da tsoho.
Fegin ya faɗo tafina da ɗumi,
azara ta yi ajiyar zuciya,
ta saki.