Taga ta Uku

Na iso meri ta Tawa tun mai shayi bai hura gawayi ba,
da baƙar leda a hammata,
cikinta takardar da Baba ya ɓoye shekara talatin da huɗu
a gindin akwatin ƙarfen da ya zo da shi daga Abijan.
Gara ta ci kusurwa ɗaya.
Ta bar mini sauran, ta yi adalci.

Taga ta uku, Madam Salamu mai tabarau
ta warware ninkin a hankali kamar mai cire ƙaya,
ta ce: filin nan, daga ina zuwa ina?

Na ce: gabas, aduwar da Nomau ke ɗaure jakinsa.
Yamma, kwarin da ruwan Agusta ke kwana uku bai tafi ba.
Kudu, gambar da kaka Hajo ta dasa da hannunta.
Arewa kuwa ba mu taɓa tambaya ba,
Bizo ne can,
kuma Bizo mutum ne.

Ta ce: na'ura ba ta san Bizo ba.
Mita take so.

Aduwar an sare ta shekarar da aka ja wuta zuwa Wadata.
Jakin ya riga ta tafiya.
Shaidu huɗu suka dangwala yatsa a takardar nan:
uku suna kwance bayan gari,
na huɗu yana kan tabarma,
yana kirana da sunan mahaifina,
yana tambaya ko motar Abijan ta iso.

Sai ta ɗora yatsa a kan suna.
A takardar saye an rubuta Tankari,
a katinsa wani akawu ya ƙara masa wutsiya, Tankary.
Ta ce: mutum biyu ke nan.
Na ce: ɗaya muka binne.
Ba ta yi dariya ba, amma ta sauke murya:
je ka kotu a shaida maka, ka dawo Talata.

Talata ta haifi Talata.
Tambur jika biyu, fotokopi, kuɗin kabu-kabu,
buhun albasa uku suka bi ta tagar nan ba su waiwayo ba.

Ranar awo, wani yaro ya kafa ƙarfe mai ƙafa uku,
ya rufe ido ɗaya ya duba gonar ubana.
Turke huɗu na siminti.
Na arewa ya faɗi taki biyu cikin wakensu.
Atto ɗan Bizo na tsaye da tasa ledar.
Ni da shi da muka sha fura a ƙwarya ɗaya
muka tsaya muna kallon turke,
don kada mu kalli juna.

Wata bakwai, sannan hatimi ya sauka, tim.
Lamba ce yanzu, da zane mai kusurwa huɗu,
tsaf, babu inuwa, babu kukan jaki.
Madam Salamu ta ce: kada ka bari ta jiƙe.

Daren nan na juya bayan fotokopin,
na ari fensirin lakkol na ɗiyata,
na rubuta mata: gabas, akwai aduwa da.
Na daɗe riƙe da fensirin
kafin in san abin da zan ce game da arewa.