Jarka Biyu Zuwa Mashigin Goronyo

Babur ɗin Jabbi ya aje ni bakin kwalta,
sauran tafiyar ta kafaɗa ce.
Jarka biyu, rawaya da shuɗiya,
fetur na gunaguni a ciki.
Murfin shuɗiyar ya tsage tun bara,
na naɗe shi da leda, bai daina zufa ba.

Can ƙasa jirgin Tunau na ɗaure a turke,
buhunan albasa sun danne shi har wuya.

Tunau, kashe tabar nan tukuna!

Yankakkiyar gora ce mazurarinmu.
Ɗigo guda ya kuɓuce,
ya shimfiɗa bakan gizo bisa Rima.

Inji ya yi tari, ya kama.
Da dare kuwa,
ɗiyata ta sansana hannuna,
ta ƙi lomar tuwon da na miƙa mata.