Matakala Goma Sha Bakwai

Shekara arba'in ina ba da hayar gidan nan
a Porto, kan tudun da ke kallon kogin Douro.
Da can mai neman ɗaki
murhu yake dubawa, ya shafa bango ya ji ko da danshi,
ya tambayi ta inda rana ke shigowa.

Yarinyar da ta zo a watan Maris, Leonor,
ko taga ba ta leƙa ba.
Ta ɗaga waya sama, ta zaga kusurwa huɗu, ta ce:
"Dona Albertina, intanet ɗinki tafiyar hawainiya yake.
Ni kuwa nan ne ofishina."
Tana son ƙofar da waya ke buɗewa,
tana son biyan haya ba tare da ta taka matakalata ba.

Na ce sai na yi shawara.
Ɗakin ya yi wata biyu babu kowa,
daga ni sai takardar haraji.
In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.
Na kira jikana Tomé,
ya huda bangon da mijina ya shafe da hannunsa,
ya zura igiya siririya kamar gashin masara,
ya cire kwaɗon tagulla, ya kafa wani mai ƙyafta ido.
Na neme ta, ta dawo da akwatinta.

Yanzu ɗakuna uku sun cika.
Ran ɗaya ga wata wayata ta yi ƙara sau uku,
shi ke nan, kuɗi sun shigo.
Ba mai hawowa da ambulan
ya zauna in zuba masa gahawa,
ya ba ni labarin ciwon uwarsa a Braga.
In famfo ya lalace, hoton famfo nake gani.

Daren jiya, wajen ƙarfe biyu, ana sheƙa ruwa,
aka bugi ƙofata da tafin hannu.
Leonor ce, jiƙe sharkaf. Caji ya ƙare,
ƙofarta ta ce ba ta san ta ba.
Na jawo aljihun tebur.
Dama sai da muka yi cacar baki da Tomé
kafin ya yarda ya sayo kwaɗo mai ramin makulli.
Na sauka, gwiwoyi suna kuka,
na murɗa, ta buɗe.

Ta ce gobe za ta turo min saƙon godiya.
Na ce a'a, ki hawo.
Matakala goma sha bakwai ce kacal,
gahawa kuma ba ta bin waya.